Sawun Alfadara a Kwarin Pardee

Ranar Alhamis ce a farkon kaka. Ran Laraba an wuni ana ruwa mai sanyi, ya ɗauke cikin dare, ya bar garin Pardee cikin taɓo har idon sawu. Da gari ya waye aka tarar da tsoho Otis Crandall kife a bakin rafi, kansa a fashe, bindigarsa na jingine da kututture, ko taɓa ta bai samu yi ba. Shi ne mai gadin kwamin Cyrus Bledsoe, dogon kwamin katako da ake wanke ƙasar zinare a ciki. An toshe ruwan, an kankare ƙasan kwamin tas. Duk zinaren da zaiba, farin ruwan ƙarfen da ake zubawa a kwamin, ta kama tun wankin baya ya tafi.

Pardee ba alƙali, ba ɗan sanda, ba kurkuku. Abin da take da shi igiya ce da taron ranar Lahadi.

Aka aika a kira Lemuel Hatch, mai bin sawu. Ya taɓa yi wa soja aikin neman dawakan da aka sace, har ya gaji da su, ko kuma su suka gaji da shi. Ba mai son sa a garin. Mutumin da zai kalli ƙasa ya faɗi inda ka kwana jiya, ba ka marmarin zama kusa da shi.

"Ga karen farauta ya iso," in ji wani daga cikin taron. "Ku matsa ya shinshina."

"Da kun matsa tun ɗazu da na sami abin shinshinawa," in ji Lemuel. "Kun tattake wurin kamar garken shanu."

Ya zagaya can gefe inda ƙafa ba ta kai ba, ya tsuguna. Ga sawu nan a taɓo, ƙarami, matsattse, takalmin ƙarfen ƙafar baya ya karye a dunduniya. Ya san shi. Sau nawa ya gan shi a hanyar dutse. Bakinsa ya riga hankalinsa.

"Alfadarar Eusebio ce."

Kafin ya miƙe tsaye rabin taron ya zura a guje.

Eusebio Carrillo baƙo ne, mutumin Sonora, can ƙetaren iyaka, yana hawo da garin alkama da gishiri a bayan alfadara daga ƙasan dutse. Suka same shi a ƙofar bukkarsa. Alfadarar ta yi harbi da aka cafke maigidanta, wani ya ɗirka mata harsashi a ka. Shi kuma aka yanke masa kunne ɗaya don ya faɗi inda ya ɓoye zinaren. Bai faɗi komai ba sai zagi da yarensu. Da sun rataye shi nan take, amma Bledsoe ya hana, don matacce ba ya nuna maɓoya. Kuma ba mai barin raminsa ranar aiki ya zauna shari'a, gudun kada ya dawo ya tarar wani ya shige. Aka ɗaure shi a ɗakin ajiyar giya na Nora mai mashaya, sai Lahadi.

Da rana ta yi tsaka Lemuel ya koma bakin rafin shi kaɗai. Wannan karon ya karanta ƙasar a hankali, yadda ya kamata ya yi tun farko. Alfadarar ba ta tsaya wuri ɗaya ba lokacin da ake ɗora mata kaya. Ta yi ta zagaye, tana tirjewa, har ta tona rami da kofato. A gefe ga shatin gwiwa da tafin hannun mutum, inda ya faɗi bayan ta same shi. Da ta tashi tafiya kuma, ƙafafun hagu sun fi nitsewa, alamar kayan sun karkace. An ja ta da igiya har hanyar bayan gari, nan kuma gudun mutanen safe ya shafe komai.

Ya nufi mashaya.

Eusebio na zaune a ƙasa tsakanin ganguna, tsumma ɗaure a kansa, jini ya bushe a wuyan rigarsa.

"Ka zo duba aikinka?" in ji shi.

"Tambaya na zo yi. Yaya kake ɗora wa alfadararka kaya?"

"Yanzu? Ba na ɗora mata. Canela ta mutu."

"Kafin nan."

"Kamar kowane mai hankali. In rufe mata ido da fata, in ɗaure kayan, in buɗe. Ko jariri a garinmu ya san wannan. Ka ɗora wa Canela kaya ido buɗe, sai ta aika ka wurin kakanninka."

"Kana jan ta da igiya?"

"Ni? Fito nake yi ta biyo ni. Igiya ta baƙi ce."

"Da safe ina ka same ta?"

"Tsaye a ƙofata, jiƙe da gumi, bayanta a saluɓe. Ina cikin shafa mata mai suka iso. Na gaya musu. Sai suka zaro wuƙa." Ya ɗaga kai ya dubi Lemuel da ido ɗaya, ɗayan ya kumbura. "Sun ce kai ka ambaci sunana."

"Ni ne."

"To ka mayar da shi cikin bakinka mana, maigida, in gani."

Bledsoe yana bakin kwaminsa yana zagin ma'aikata. Ƙato ne, mai jan gemu, shi ke hawa kan ganga ya jagoranci taron Lahadi saboda muryarsa ta fi ta kowa. Lemuel ya tsaya gabansa.

"Ba ɗan fatake ne ya ɗora kayan nan ba. Kuma ba mahaƙi ba ne. Wanda ya san aiki zai tace abin da faranti ɗaya, ya sa a aljihu ya tafi. Wannan kuwa yashi da tsakuwa ya kwashe gaba ɗaya cikin buhuna, shi ya sa ya nemi dabba."

"Kai ka ce alfadararsa ce."

"Alfadara na ce. Ban ce shi ba."

"Je ka gaya wa garin nan bambancin." Bledsoe ya tofar da taba kusa da takalmin Lemuel. "Otis mutumina ne, kuma zinaren nawa ne. Ranar Lahadi sai wani ya yi lilo a jikin katakon mashaya. In ba ka son wannan wuyan, kawo mini wani."

Juma'a ta tafi a banza. Lemuel ya bi gari yana neman mai ɗingishi, sai ya ga ashe rabin Pardee ɗingishi take, wani dutse ya faɗo masa, wani sanyin rafi ya ci masa gwiwa. Wanda ya fi tsaya masa a rai shi ne Silas Fenn, ɗan caca, wanda aka ji ya yi wa Otis alkawarin fasa kai a kan teburin karta, kuma ga shi yana jan ƙafar dama tun safiyar Alhamis. Ya same shi a mashaya yana karyawa da wake da gahawa, hannunsa cikin safar fata kamar kullum.

"Me ya sami ƙafarka?"

"Tambayi waccan giwar."

"Ni na wurgo shi daga bene," in ji Nora daga bayan kanta, ko ɗaga kai ba ta yi ba. "In ya sake kirana giwa ɗayar ma za ta bi."

"Cire safar," in ji Lemuel.

"Za ka duba mini sa'a ne?"

"Cire."

Fenn ya zare ta a hankali, yana murmushi. Yatsu uku ne a hannun. "An rage mini su a wani gari, saboda wata karta da ta faɗo daga hannun rigata. Rashin fahimta ne kawai." Ya zare ɗayar ma, ya kaɗa ta. Can kuma babban yatsa ne babu. "Wannan wani garin ne daban."

Tafin da ke cikin taɓo yatsunsa biyar cif. Lemuel ya juya zai fita.

"Ka bar wahalar da kanka, kare," Fenn ya bi shi da murya. "Har an buɗe caca a kan tsawon lokacin da baƙon zai yi yana shure-shure."

Abu ɗaya ya rage masa. Zinaren da ke haɗe da zaiba ba ya sayuwa, sai an ƙona shi zaibar ta tashi. Kowa a Pardee a fili yake wannan aikin, a kan shebur, ya ba iska baya, don hayaƙin ba ya barin haƙori a baki. Lemuel ya hau tudu da safiyar Asabar ya zuba wa kwaruruwa ido ko zai ga hayaƙi inda ba bukka. Bai ga komai ba. Yana saukowa abin ya faɗo masa. Mutumin da bai san a rufe wa alfadara ido ba, me zai sa ya san wannan? Mai tsoron a gan shi ai ɗaki zai shiga ya kulle.

Ya bi layin bukkokin bayan gari yana duba bango maimakon ƙasa. A ta kusa da ƙarshe ya tsaya. An cusa tsummoki a duk wata kafa ta katako, an rataye bargo a taga, ga rana tsaka. A gindin tarin itace wata kyanwa ce kwance a mace.

Bukkar Nathan Dorsett ce, manomi daga gabas da ya sayar da gonarsa ya sayi ramin da bai taɓa ba da komai ba sai ruwa. Matarsa Hester na tsugune a waje tana wanki, tana tari ƙasa-ƙasa.

"Sannu da aiki, uwargida. A taimaka da ruwan sha."

"Rafi na can."

Ta ɗaga hannu ta nuna, sai idonsa ya faɗa kan zobenta. Rabinsa ya yi fari fat kamar gwangwani, irin farin da zaiba ke bari a jikin zinare.

"Zoben aure ne?"

"Ina ruwanka?"

"Na zinare ne, da."

Ta tura hannun cikin kumfa. "Kasko na goge, shi ya ɓata shi. Zai fita."

Daga cikin ɗakin aka yi wani tari, ƙarami, busasshe, mai fito a ƙarshensa.

"Mura ce," in ji Hester da sauri. "Mattie ba ta jure sanyin nan."

"Ba mura ba ce. An ƙona zaiba a ɗakin nan, ƙofa a rufe, yarinyar na ciki. Fito da ita yanzu."

"Nathan ya ce ɗan abin da ya samu a raminmu ne."

"Kin taɓa ganin raminku ya ba da wani abu?"

Ya wuce ta ya banka ƙofar, ya fizge bargon daga taga. Yarinyar ba ta wuce shekara uku ba, tana kwance kusa da murhu, wurin da ya fi ɗumi, inda uwa za ta kwantar da mai mura. Leɓɓanta sun yi shuɗi. Ya ɗauke ta ya miƙa wa uwar, ya koma ya kankari baƙin bututun murhun da wuƙa ya zuba a gwangwanin tabarsa.

"Kai ta wurin Nora, ɗakin sama, a buɗe tagogi. Kada ki dawo da ita nan."

Hester ta rungume yarinyar, amma ba ta motsa ba. "Mista Hatch, in ka faɗa rataye shi za su yi."

"In ban faɗa ba wani za su rataye."

"Wancan baƙo ne. Ba shi da kowa."

"Yana da wuya," in ji Lemuel.

"Allah ya tsine wa idon nan naka," ta ce, ta juya ta nufi mashaya da gudu.

Bai gaya wa kowa ba. Da ya furta, da kafin magariba sun cinna wa bukkar wuta, shaidar ta ƙone, kuma ya riga ya ga abin da kalma ɗaya tasa ke jawowa. Ya dai je ya kankaro baƙin murhun Eusebio da na ɗakin Fenn, ya ƙulle kowanne a tsumma dabam.

Lahadi ta zo da rana mai haske da iska mai yanka. Gari ya cika gaban mashaya. An riga an wurga igiya a kan katakon ɗaga ganguna. Aka fito da Eusebio hannu a baya. Bledsoe ya hau ganga, ya buɗe baki, Lemuel ya riga shi.

"Kafin ku fara. Silas Fenn, matso. Nathan Dorsett, kai ma. Wani ya ba ni kwabon jan ƙarfe guda uku."

"Wa'azi za ka yi ko rufa-ido?" wani ya yi ihu, aka bushe da dariya. Amma aka wurgo masa kwabban. Fenn ya fito yana ɗaga hula kamar an kira shi rawa. Dorsett sai da aka tura shi. Dogo ne, siriri, ya naɗe bakinsa da ƙyallen wuya har hanci.

Lemuel ya durƙusa a kan matakala. "Wannan daga murhun Eusebio." Ya goga baƙin a kwabo da babban yatsa, ya ɗaga. Baƙi. "Wannan na Fenn." Baƙi. Ya buɗe gwangwanin taba, ya goga na ukun, ya share shi a wando, ya ɗaga sama.

Kwabon ya yi fari yana walƙiya kamar sabuwar azurfa. Dariyar ta mutu. Ba wanda ke wurin da bai san zaiba ce ke mayar da jan ƙarfe haka ba.

"Murhun wa?" in ji Bledsoe.

"Dorsett, sauke ƙyallen," in ji Lemuel.

Bai sauke ba, wani ya fizge masa. Ƙyallen sharkaf yake da yawu. Dasashinsa ya kumbura ya yi baƙi, yawu na zuba ta gefen baki ba ya iya tsayar da shi.

"Kowa na ƙona zaiba a garin nan," ya ce, maganar na fita a dagule. "Daga ramina ne. Laifi ne mutum ya samu?"

"Naɗe wandonka mu ga inda alfadara ta same ka."

"Ba na tuɓe wa kare."

Nan taron ya rabu. Dorsett nasu ne, yarensu ɗaya, shi ke ja musu waƙar addu'a in an binne wani, ga mata ga 'ya. Wancan kuwa an riga an yanke masa kunne, kuma ba mai son a ce ya yanke kunnen mara laifi.

"Toka ce kawai!" in ji wanda ya harbe alfadarar. "Wa ya ga inda ya ɗebo ta? Nawa baƙon ya biya ka, Hatch?"

"Shi ya ce alfadara, yanzu ya ce murhu. Gobe zai ce uwarka ce!"

"A rataye su biyu, shi da baƙon!"

Wani ya jefo taɓo ya sami Lemuel a kunci. Bledsoe ya dubi igiya, ya dubi Eusebio, kuma Lemuel ya ga inda ransa ya karkata. Wuyan da ba mai kuka a kansa ya fi arha.

Sai mutanen baya suka fara darewa. Hester Dorsett ce ta taho daga layin bukkoki, ba hula, gashinta a kwance, riƙe da baƙin kasko da hannu biyu. Ba ta kalli kowa ba. Ta zo gaban ganga ta dangwarar da shi a ƙasa. Cikinsa ga wani curi mai hudoji, rawaya-rawaya, bai kai ƙwan kaza ba.

"Ƙarƙashin dutsen murhu yake," ta ce. "Buhunan na cikin masai. Akwai sunan Mista Bledsoe a jikinsu."

Dorsett ya miƙa mata hannu. "Hester. Me kika yi? Don ku na yi. Ina Mattie? Wa kika bar wa ita?"

"Ta daina tari," in ji Hester.

Ya tsaya yana kallonta kamar bai ji ba. Sai ya zube cikin taɓo. "Mura ce," ya ce. "Ai mura ce. Ƙofar kawai na rufe don kada a ga wuta." Ya juya ga taron, ba wanda ya tambaye shi. "Tsoho Otis juyowa ya yi. Da bai juyo ba da ban taɓa shi ba."

Bledsoe ya sauko ya ɗauki curin, ya auna shi a tafin hannu, ya sa a aljihu, sannan ya koma kan ganga ya nemi masu son a rataye Dorsett su ɗaga hannu. Waɗanda suka fi ihu a kan Lemuel su suka fara ɗagawa.

Lemuel bai tsaya kallo ba. Ya zaro wuƙa ya yanke igiyar hannun Eusebio, sai Bledsoe ya daka tsawa daga sama.

"Baƙon nan ya bar garin kafin faɗuwar rana. Dabbarsa ce ta ɗauki kayana."

"An sace ta ne, ka ji da kunnenka!"

"Da ya ɗaure ta da kyau. A ɗaga hannu."

Aka ɗaga. Ba mai son ya riƙa haɗuwa da wannan kunnen a hanya kullum.

Lemuel ya raka shi har bakin gari, yana janye da dokinsa. A inda hanya ta fara gangara ya miƙa masa linzamin.

"Ɗauke shi. Ba za ka kai ƙasan dutse da ƙafa ba kafin ƙanƙara."

Eusebio ya dubi dokin, ya buɗe masa baki ya duba haƙora, ya shafa ƙafafunsa ɗaya bayan ɗaya. Ya karɓi linzamin.

"Bai kai rabin Canela ba," ya ce. Ya hau. "Kada ka ɗauka mun rabu lafiya."

"Ban ɗauka ba."

Bai waiwayo ba. Daga cikin gari aka ji ihu ya tashi sau ɗaya, ya kwanta.

Abin da aka rasa a Pardee a makon nan shi ne: tsoho mai gadi ɗaya, yarinya ɗaya, ubanta, alfadara ɗaya, kyanwa, kunnen mutum, da dokin Lemuel Hatch. Hester Dorsett ta bi keken doki mai ɗaukar kaya ta sauka ranar Talata, ba a sake jin labarinta ba. Zinaren Bledsoe kuwa ko ƙwaya ɗaya bai ɓata ba.